Kyamarata a Kwandon Albasar Mama

Na so in bar wannan labarin a cikina, don duk wanda na taɓa ba shi, kafin in kai ƙarshe ya koma bayan Mama. Har da matata. Amma tunda yara sun tono hoton a ƙasan akwati, suna ta tambayar wace ce wannan mai ludayi, gara in faɗa da bakina.

A ƙarshen shekarun saba'in ina akawun sito a wani kamfanin matsar gyaɗa a Bompai. Kafin nan na ɗan yi yawo, Kafanchan, Fatakwal, Ngaundare, har Sudan na leƙa, kuma duk garin da na sauka ba kasuwa nake fara tambaya ba, layin dogo nake tambaya. Jirgin kaya nake so. Na fasinja bai taɓa burge ni ba, kawuna cike da taga, wannan na tofar da yawu, wancan na jefo ɓawon rake. Shi kuwa na kaya tafiya yake kamar dattijon da zai je ta'aziyya, ba ya kallon kowa, ba ya jiran a ɗaga masa hannu. Ran hutu sai in hau keke in tafi Challawa ko Sharada, in sami gindin bishiya in zauna, in yi ta jira. Wata ran ya zo, wata ran in dawo gida da ƙaiƙayi a wando.

Ina da kyamara da na saya hannun wani ma'aikacin jirgin ruwa a Fatakwal, mai jakar fata da igiyar ratayawa. Mai wanke mini hoto a Sabon Gari kullum haƙuri yake ba ni. Sai ya ware hotunan gefe guda ya ce waɗannan sun lalace, mutanen sun fice kafin in danna. Na ce masa dama babu mutane. Ya dube ni yadda ake duban marar lafiya, ya ce Allah ya sawwaƙe.

Hoto ɗaya ne ya gagare ni. Lokacin kawunan jirgi masu shan dizal sun cinye layi, saura wani tsoho mai cin kwal, baƙi ƙirin, wanda ke jan tarago tsakanin tasha da kamfanoni yana tari kamar ya kwana a rumfar masu taba. Na sha ɗaukarsa, amma ko tarago ya kare shi, ko hayaƙinsa ya rufe shi, ko rana ta shigo mini ido. Ni kuwa ina son shi gaba da gaba, shi kaɗai, kafin a kai shi inda ake kai irinsa.

To, akwai wani reshen layi da ya biyo bayan katangarmu ya shige harabar kamfani. Jirgi ba shi da rana a wannan reshen. Sai ya zo a jere, sai kuma ya ɓace har ciyawa ta manta da shi. A kan wannan layin Mama take. Mutuniyar Filato ce, doguwa, mai muryar da ke tsallake ƙarar inji, kuma ita ke ciyar da rabin leburorin Bompai ta wajenmu. Ta gano cewa ƙarafan dogo biyun nan murhu ne da gwamnati ta gina mata. Ta gitta rodi a kansu, ta hura wuta a tsakiya, ta jera tukwanen gwate da na shinkafa da wake. Masu ci su zauna a kan ƙarfen kamar benci. In jirgi ya yi kuka daga nesa sai a tashi da gudu, wannan ya kama kunnen tukunya, wancan ya watsa ruwa a wuta, Mama na zagin reluwe da yarenta.

Ni ina da wata dama da ba su sani ba. Maƙwabcina shi ke juya layi a tasha, kuma duk ran da za a turo jirgi wajenmu sai ya raɗa mini bayan sallar asuba. Ya sa na yi masa alkawari ba zan faɗa wa kowa ba, don in 'yan kasuwa suka ji, ba zai ƙara karyawa cikin kwanciyar hankali ba. Saboda haka ran da jirgi zai zo, sai a gan ni na ɓullo ta ƙaramar ƙofa da kyamara a wuya. Ba a jimawa sai a ji kuka.

Mama ce ta fara lura. Ta daina jiran kukan jirgi, ta koma kallon wuyana. Da ta hango igiyar fata sai ta ce a sauke tukwane. Da farko abin ya yi wa kowa daɗi, ana kwashe kaya a nutse, ba mai ƙonewa. Amma a hankali magana ta juya. Daga "Akawu ya san ranar jirgi" aka koma "Akawu ke kiran jirgi". Na ce musu wallahi wani ne yake gaya mini da asuba. Suka tambayi wane ne, na ce ba zan iya faɗar sunansa ba. Wani ɗan Haɗeja ya matsa nesa da ni yana karanta addu'a, kuma daga ranar bai ƙara yarda mun ci a kwano ɗaya ba.

Sai ran nan abokin aikina ya yi suna, ya roƙe ni in zo da kyamara bayan an tashi. Na rataya abata na fito cin abinci, ban kawo komai a raina ba. Kafin in ƙaraso an kashe wuta, an janye rodi, tukwane na gindin katanga, mutane sun jeru suna kallon gabas. Na ce musu yau wajen suna zan je. Ba wanda ya motsa. Aka yi ta jira har jiniyar komawa aiki ta buga, waken bai nuna ba, leburori suka koma bakin inji da yunwa. Mama ba ta ce na yi ƙarya ba. Cewa ta yi na kira jirgi sannan na fasa don in gwada ta.

Washegari Baba mai gadi, wani tsohon Buzu da ba ya ɗaga murya, ya zaunar da mu a kan ƙarfen dogo ya yi mana sulhu. Ya ce shi bai san gaskiyar kira ko rashinsa ba, amma ya san yunwa. Hukuncinsa shi ne, a ranakun aiki in riƙa barin kyamara a wajen Mama, in karɓa da yamma. Na yarda, don ina ganin duk ran da nake buƙata zan miƙa hannu ne kawai, kuma gaskiya ba inda ake gwate irin nata. Ta naɗe ta da tsumma ta tura cikin kwandon albasa a ƙarƙashin tebur.

Kun san abin haushi? Jirgi ya ɗauke ƙafa. Maƙwabcina ya ce ƙarancin tarago ne, an kwashe su an kai kudu. Amma wa zan gaya wa? Damina ta shigo ta fita, ba kuka. Mama ta kafa rumfa a kan layin, da ginshiƙai na gaske. Mai shayi ya zo, wanzami ya zo, mai gyaran takalmi ya mai da ƙarfen dogo maƙerarsa. Wani ya shuka kuɓewa tsakanin katakan layi har ta yi fure. Ni kuma kullum sai in tarar da ƙarin tsoka a kwanona, Mama na cewa a ci, Malam Akawu, ka kyauta mana. Da yamma in karɓi kyamara tana warin albasa, matata na tambaya ko na koma kasuwar kayan miya ta Yankaba da aiki.

Wata asuba maƙwabcina ya riƙe mini hannu a ƙofar masallaci. Ya ce yau za a turo tsohon nan mai kwal ya janyo taragon da aka manta a harabarmu, kuma daga wannan aikin an sallame shi, za a ja shi zuwa ajiya. In ina da abin yi da shi, yau ne. Da safe na miƙa wa Mama kyamara kamar kullum, ina ganin da rana zan karɓa.

Ƙarshen wata ne, an yi albashi, Mama ta ɗora tukwanen da ba ta taɓa ɗorawa ba, har da rabin duro na shinkafa. Na tsaya a gabanta na gaishe ta da kyau, na tambayi yara, na tambayi mutanen Filato. Sannan na ce ina son kyamarata.

"Ta me?"

"Jirgi zai zo, Mama."

"In na ba ka zai zo. Ban ba ka ba."

Na yi mata bayani, na rantse, na ce ko ta ba ni ko ta hana ni yana tafe, gara ta sauke tukwane tun da wuri. Ta ce ai ta san wannan dabarar, so nake ta tsorata ta miƙo. Ta ja kujera ta zauna daidai saitin kwandon, ta baza zane. Na nemi Baba mai gadi, ya ce sulhu sulhu ne, yamma ba ta yi ba. Na ce to a bar maganar kyamara, a dai kwashe kaya. Wanzami ya ce in da gaske nake me ya sa nake zufa.

Muna cikin haka ƙarfen da mutane ke zaune a kai ya fara rawa. Sai tarin nan da na sani. Sai ga shi ya karyo kwana, baƙi, a hankali kamar mai ciwon gwiwa, rana na bayana, ba tarago a gabansa, iska ta kore hayaƙin gefe guda. Tunda nake ban taɓa ganinsa haka ba. Na ɗaga hannuwana biyu zuwa fuska, babu komai a cikinsu.

Kowa ya watse sai Mama. Rabin duro ba ya ɗaukuwa, shinkafa kuma ta ɗauko tsotsewa. Ta miƙe da ludayi a hannu ta tsaya a tsakiyar layi. Direban, wani dattijo mai furfura a gira, ya yi kuka, ya sake yi, sannan ya ja birki. Jirgi ya zo ya tsaya da numfashinsa har yana kaɗa mata ɗankwali. Direba ya leƙo ya ƙare wa rumfa kallo, da kuɓewa, da mutumin da aka yi wa rabin aski yana leƙe ta bayan katanga.

"Mama, wannan hanyar gwamnati ce."

"Na sani, Baba. Shinkafar ce ba ta sani ba. Ka ci abinci?"

Bai ci ba. Ya sauko shi da mai zuba masa kwal, suka zauna a kan ƙarfen da suka zo a kai. Mai zuba kwal ya ga wutar Mama ta yi sanyi, ya koma ya ɗebo garwashi da shebur daga cikin jirgin ya juye a ƙarƙashin duron. Mutane suka dawo ɗaya bayan ɗaya da kwanukansu. Wanzami ya ƙarasa askinsa.

Na matsa kusa na ce, a hankali don kada in kunyata ta, to Mama ga shi ya zo, kuma kyamara ba ta wuyana. Ta sunkuya ta janyo kwandon, ta dubi inda yake, ta dubi inda hancin jirgin ya tsaya.

"Ka gani ko? Daidai kanta ya zo ya tsaya. Ashe ba kai ba ne, ita ce."

Ta miƙo mini ita ta ce tunda mai afkuwa ta afku in ɗauka. Na warware tsumman, na goge ɓawon albasa, na ja da baya ina neman saiti. Kafin in ɗago, Mama ta gyara ɗaurin ɗankwali ta tsaya a gaban jirgi. Direba ya zo damanta da kwano. Baba mai gadi ya zo, mai shayi ya zo da butarsa, ɗan Haɗeja ma ya shigo daga can gefe yana kare fuska. Na roƙe su su ɗan matsa, suka matso kusa da juna. Na ce a'a, gefe nake nufi, suka juya suka ba ni gefen fuska. Sai aka buɗe duron shinkafa, tururi ya tashi ya rufe abin da ya rage. Na danna, don fim ɗin saura ɗaya, sauran sun tafi a wajen suna.

Bayan an ci an sha aka cire rumfa, leburori suka ciccibi duron, tsohon ya shiga ya janyo taragonsa ya fita da baya, ya bi ta kan kuɓewar. Ban ƙara ganinsa ba.

Mai wanke hoto ya tarye ni da fara'a, ya ce sai yau na yi hoto. Ga Mama nan da ludayi, ga mutane fal, kowa ya fito ras. Jirgin kuwa, in ka kai hoton bakin taga ka karkata shi, za ka ga wani baƙin abu a saman ɗankwalin Mama. Bututun hayaƙinsa ne. Yarana sun ɗauka hula ce.

Ba a daɗe ba aka mai da ni reshenmu na Gusau, na tafi da kyamarata. Shekaru suka wuce kafin wata hidima ta sake kawo ni Bompai. Na tarar an daina matsar gyaɗa, layin ya nutse a ƙasa, sai ka tona da ƙafa za ka ji ƙarfe. Mama na nan a wurinta, ta tsufa, an yi mata murhun bulo, masu ci ba su kai rabin na da ba. Ta gane ni tun daga nesa, kuma na ga idonta ya fara zuwa wuyana kafin fuskata. Ta zuba mini gwate, ta zauna tana kallon inda layin ya karya kwana. Ta ce tun da na tafi ko kuka ba su ƙara ji ba, kamfanoni sai rufewa suke. Can ta rage murya.

"Malam Akawu, tsakaninka da Allah, abar nan tana nan? Ba za ka kawo ta ta ɗan kwana a kwandon ba?"