Gwankin da Na Harba Daga Nesa

Shekarar da idon Baba ya gama dushewa, bayan farin nan da ya cinye shanun mutane, ya ce shi ba abin da ransa yake so sai romon gwanki. Ba na barewa ba, ba na gada ba. Yana kwance a zaurensa a Gurbin Bore, ƙafafu sun kumbura, tuwo ma da ƙyar yake kai loma biyu, amma da an ambaci gwanki sai ka ga ya haɗiyi miyau.

Baba maharbi ne tun yana saurayi. Ni kuwa kasuwa na bi, ina awon gyaɗa a Ƙaura, zama ya sa na ajiye teɓa. Na iya harbi daidai gwargwado, tunda a gidan na tashi, sai dai ban taɓa kayar da abin da ya wuce gada ba. Na ce zan sa a nemo masa naman a saya. Ya juya mini baya, ya ce, "Na hannunka nika so."

Gwanki kuwa ya yi wuyar gani a lokacin. 'Yan kaɗan da suka rage sun koyi wayo, daga hango mutum sai ƙura. Bindigar Baba ta toka ce, sai ka rarrafa har kana jin numfashin dabba kafin ta yi aiki, ni kuma da wannan ciki nawa ba rarrafen da zan yi a ɓoye. Na yanke shawarar neman bindigar da za ta kai nesa. Daga nan kaina ya fara juyawa.

Ranar kasuwar Shinkafi na je wurin wani maƙeri da ake yabo. Bai ko ɗago kai daga maƙera ba ya ce, "Gwanki? Baki mai hwaɗi za a yi maka. Dalma guda, ƙatuwa kamar goro. In ta same shi, ko daga ina ta taho, sai ya zamna."

Na dawo Ƙaura da murna, na ba wani tsohon soja labari, wanda yake gadin sito kusa da tashar jirgi. Ya yi dariya har da buga cinya. "Alhaji," in ji shi, ko da yake ban je Makka ba, "ƙaton harsashi nauyi gare shi. Kahin ya kai ya gaji, ya sunkuya ƙasa. Siririn baki, dogon hanci, shi ka tahiya nesa."

Na ce, "To in siririn ya isa, zai kayar da gwanki?"

Ya ce wannan kuma sai Allah, shi bai taɓa harbin gwanki ba.

Wani direba mai bin hanyar Jangeru ya ce duk su biyun shirme suke yi, in bari ya kawo mini kartushi daga Nijar. Na tambaye shi a wace bindiga zan sa shi. Ya ce bai yi tunanin wannan ba. Shi kuma Kawu, ƙanin Baba, wanda ƙarar bindiga ta riga ta toshe wa kunne, ya ce baki ba komai ba ne, albarushi ne magana: yatsa huɗu na barewa, shida na gwanki. Na ɗora yatsuna kusa da nasa. Huɗuna sun kusa kai shidansa. Na daka masa tambaya a kunne, yatsun wa ake nufi? Ya gyaɗa kai ya ce, "Awo, shida."

Wallahi a kwanakin nan ko awo nake yi sai in tsinci kaina ina leƙa bakin mudu ina tunanin faɗinsa. Kowa na saurara sai in ga shi ne mai gaskiya, har sai na haɗu da na gaba. Ga saƙo yana zuwa daga gida cewa jikin Baba sai a hankali. A ƙarshe na koma Shinkafi na ce a ƙera mini doguwa da bututun sitiyarin mota, baki kuma tsaka-tsaki. Maƙerin ya yi tsaki ya ƙera. Sojan ya gani ya girgiza kai. Ba wanda ta gamsar, har da ni.

Ni da Kawu muka shiga daji gabas da Zurmi. Mun sha yawo a banza, sai wata safiya Kawu ya danƙe mini hannu. Ga gwanki can a tsallaken wani kwazazzabo, namiji, ƙahonin nan sun lanƙwasa baya, yana kiwo hankali kwance. Nisan ya wuce duk abin da na taɓa gwadawa. Na durƙusa, na ɗora hancin bindiga a kan reshe, ina ta lissafin ko in ɗaga sama kaɗan saboda maganar soja, ko in bar ta daidai saboda maganar maƙeri. Ban gama yanke hukunci ba na ji ta tashi, ta hankaɗe ni na zauna daɓas.

Da hayaƙi ya washe, gwanki yana ƙasa.

Na zare wuƙa na zuba da gudu. A nan na gane abin da duk mashawartan nan ba wanda ya ambata: dalma ta tsallake kwazazzabo, ni kuwa sai na zagaya. Na gangara, na zame, na hau ina haki kamar zan shiɗe. Ko da na isa, ya daɗe da sanyi, ido a kafe. Na sa wuƙa duk da haka, jini ya ɗan tsattsafo baƙi.

Kawu ya iso ya duba, ya ce, "Mushe."

Muka ɗauko shi a kan raƙumin wani mutum muka tsaya wurin limamin garinmu. Na ce, "Allah gafarta Malam, mene ne hukuncinsa?" Ya ce abin da aka harba ya mutu kafin a riske shi halal ne, muddin maharbi ya yi bisimilla lokacin sakin harbi. Sai ya dube ni. "Ka yi?"

Ni mutum ne da ko buhu zan ɗaga sai na yi bisimilla, bakina yakan yi da kansa. Amma a wannan lokacin kaina cike yake da soja da maƙeri da yatsun Kawu, kuma ban ma san sa'ad da na ja kunama ba. Na juya ga Kawu, ko ya ji? Ya ce shi ko bindigar da ƙyar ya ji.

Inna ta ce a dafa kawai, a kai masa, kowa ya kama bakinsa. Aka dafa. Ni na ɗauki akushin na shiga zaure, tun daga ƙofa na ga hancinsa ya motsa. Ya yunƙura ya zauna da kansa, abin da ya daɗe bai yi ba. Na ɗora masa a cinya, ya rungume da hannu biyu.

"Kai ka harbe shi?"

"Ni ne, Baba."

"Kai ka yanka?"

Ba ya ganina. Eh ɗaya ta isa. Amma sai na ji ina gaya masa komai, kwazazzabon, da gudun, da abin da liman ya ce.

"To ka yi bisimilla?"

"Baba, wallahi ban sani ba."

Bai ture akushin ba, bai kuma kai baki ba. Ya sunkuyar da fuska cikin tururin yana shaƙa a hankali, ni kuma ina durƙushe ina ta tonon kaina ko zan tuna, hawaye na zuba. Haka muka zauna har mai ya daskare a saman romon. Sannan ya miƙo mini, ya ce, "Gwankin namiji na, tsoho. Ka yi harbi. Ce ma innarka ta kawo man kunu."