Wasiƙar da Ta Zo Ranar Asabar

Ni ne mai laifi, ba gidan waya ba. Na daɗe ina ɗora musu, yau zan faɗi gaskiya.

Muna yara a Kano, idan an sauke tuwo kakata Iya Dije ba ta kashe wuta. Sai ta tura gyaɗa cikin toka, mu jikoki mu kewaye murhun. Marigayi mijinta masinjan gidan waya ne, tun zamanin da ake raba wasiƙa har ranar Asabar, don haka tatsuniyar da ta fi so ta mai kai wasiƙa ce.

"Ga ta nan tafe," in ji ta, "mai gyangyaɗi ya tashi."

Wai wata Asabar wani masinja ya gama rabo, saura wasiƙa ɗaya ta wata tsohuwa a ƙetaren rafi. Hadari ya haɗo. Ya ce sai Litinin, ya cusa ta ƙarƙashin matashi. Ranar Lahadi ta yi nauyin dutsen niƙa. Ranar Litinin sai da ya goya ta. Yana isa garin ya tarar ana dawowa daga maƙabarta, an binne tsohuwar. Ɗan tsohuwar ne, wanda aka ce mata ya mutu, ya rubuto cewa yana raye. Baƙin ciki ya riga takardar isa. Tun ranar masinjan bai ƙara miƙe bayansa ba.

Na yi dariya na ce, "Iya, takarda tana nauyi?"

"Ci gyaɗarka, sarkin surutu. Ranar da ka riƙe ta wani za ka gaya mini."

Yanzu ina ƙasar waje, ina da shago a unguwar Liwan, ina haɗa wa 'yan kasuwarmu wandunan jins. Malam Isufu, magidanci daga Damagaram mai karatun haɗa magunguna a nan, ya roƙi a riƙa aiko masa saƙo ta shagona. Yana jiran wata takarda daga gida. Idan bai miƙa ta ga makaranta ranar Litinin ba, ba za a sabunta masa izinin zama ba.

A nan ana kawo wasiƙa kullum, har Asabar da Lahadi. Ta zo da safiyar Asabar. Na sa hannu, na soka ta cikin wata dila da ba a ɗaure ba, na ruga Xintang, garin da ake ɗinka jins, duba kaya. Ranar Lahadi ya kira.

"Alhaji, ta iso?"

Na tuna inda take. Na kuma tuna nisan hanya. Na ce, "Haba Malam, ka taɓa jin an kawo wasiƙa ranar hutu? Bari Litinin."

Ya ce, "Haka ne kuwa." Ya saba da gidan wayar gida, ya kuma yarda da ni, ko lambar saƙon bai duba ba.

Da na dawo Litinin, masu lodi sun ɗaure dilar, kwantena ta tafi. Na dubi idonsa na ce gidan waya ba su kawo ba. Izininsa ya ƙare, ya koma gida saura shekara ɗaya ya gama. Ni na raka shi filin jirgi, yana yi mini godiya.

Bayan wata huɗu wani mai sayen kayana a Kantin Kwari ya kwance dilar, ya turo mini hoton ambulan. Sai a lokacin na gane abin da Iya take nufi. Masinjan nata jinkiri kawai ya yi, ya goyi kayansa ya kai. Ni na ƙara da ƙarya.

Na kira Damagaram. Ina jin muryar 'ya'yansa a bayansa.

Na ce, "Malam Isufu, takardarka ta zo ranar Asabar. Ni na karɓa da hannuna, ni na yi maka ƙarya. Ba ni da abin da zan mayar maka da shekarunka. Don Allah ka yafe mini."