Bishiyar da Na Kai wa Gwaggo

Ni na kai bishiyar nan unguwar Hindawiyya da hannuna, a cikin baƙar leda, don haka ba ni da bakin zagin kowa. A lokacin ina aikin gyaran famfo a Makka, ina kwana a unguwar Mansur, iƙamata, wato takardar izinin zama, lafiya lau, kuma duk inda bututu ya toshe daga Mansur zuwa Misfala sai an sami wanda zai ce a kira ni. Wata rana aka kai mu aiki wani sabon gida a bayan gari, inda masu lambu ke jera wasu 'yan itatuwa a gindin katanga. Larabawa na kiran irinsu bazarumiya. Daga waje aka shigo da ita don ado, saboda ganyenta kore ne shar duk shekara, ba ruwanta da zafin rana. Da aka tashi aiki sai guda ɗaya ta yi saura. Na roƙa, aka ba ni.

Gwaggo na kai wa, yayar mahaifina. Ta zo aikin hajji tun ina firamare, ta ga wuri ta zauna, kuma ba ta da takarda ko ta naɗe ƙosai. Ɗaki ɗaya gare ta a wani tsohon gida, ita da wasu mata uku 'yan ƙasarmu, tana suyar ƙosai da safe, da rana ta dama fura. Mai gidan wani dattijon Balarabe ne da ya san ta shekara da shekaru, bai taɓa tambayarta iƙama ba. Wanda ya zauna a Makka a shekarun nan ya san darajar wannan. An rushe tsofaffin unguwanni da yawa, ɗakuna sun yi wuya, kuma duk mai gidan da ka tunkara, kafin ya gama amsa sallama zai ce ina takarda. Idan Gwaggo ta bar ɗakin nan, babu wani ɗakin da zai karɓe ta.

Ta juya ledar tana duba ganyen. "Ɗan nan, wannan irin darbejiyar Arfa ce?"

"Ta fi ta, Gwaggo. Wannan ta gidan masu kuɗi ce."

Ban san komai a kanta ba, amma haka na faɗa, da ƙarfin gwiwata kuwa. Ta ce a shuka ta a lungun da suke alwala, don ruwan kada ya tafi a banza, kamar yadda ake yi a gida. A ƙarƙashin lungun nan tankin gidan yake, wanda motar ruwa ke zuwa ta cika. Ni mai gyaran famfo, ni da na san inda bangon tankin ya tsaya, ni na haƙa ramin da kaina. Wannan kam har yau idan na tuna sai na ji kunya.

Mata huɗu, alwala biyar a rana. Cikin shekara biyu bishiyar ta wuce katanga. Tsakar gidan da da ba a iya taka shi ba takalmi ya zama wurin zama, aka fito da tabarmi, Gwaggo ta mayar da kaskonta ƙarƙashin inuwa. Maƙwabta suka gani suka ce su ma suna so, ni kuwa ina ta kawowa daga wurin masu lambu, ana shi mini albarka, ina jin kaina. Daga baya ma ba ta jira ni ba. Iri ya riƙa zuba, iska na kwasa, duk inda ruwan na'urar sanyaya ɗaki ke ɗiga a gindin bango sai ka ga ta fito. Layin ya yi kore har baƙi na tsayawa su ɗauki hoto.

Kuma babu mai cire ko ɗaya. Makka harami ce, kuma tun a gida, kafin mutum ya hau jirgi, malamai sun karantar da shi cewa a nan ba a farauta, ba a sare itace, ba a tuge ciyawa. Mutanenmu sun riƙe wannan fiye da 'yan garin. Na ga magidanci da bishiya ta fito masa a tsakiyar ƙofar gida, ya gwammace ya riƙa shiga a karkace da ya sa mata hannu.

Sai aiki ya fara yi mini yawa a layin. Yau bututun wannan, gobe masai ɗin wancan. Ina zura waya sai in zaro dunƙulen saiwa, baƙi, a cukurkuɗe kamar kitson da ya yi wata uku ba a tsefe ba. Ban daɗe ba na gane. Bishiyar nan ƙishirwa gare ta marar ƙarewa, kuma saiwarta na jin ƙanshin ruwa daga nesa, ta bi shi har ta fasa siminti. Na riƙa faɗa wa mutane gaskiya, cewa ga mai toshe musu bututu can a tsaye. Sai su kalle ta, su ce Allah ya sawwaƙe, su sallame ni, bayan wata biyu su sake kira na.

A gidan Gwaggo ruwan da ke kai su mako biyu ya koma ƙarewa a kwana huɗu. Suka fara zargin juna da ɓarna, har biyu suka daina gaisawa. Na kawo tsani da tocila na shiga tankin. Bangon ya tsage daga sama har ƙasa, saiwoyi sun shigo sun bazu cikin ruwan kamar komar masunta. Na daɗe a tsaye a ciki, don na san abin da zan fito in faɗa ba zai yi daɗi ba.

Dattijon mai gida ya zo da babban ɗansa, wanda harkar gidajen ta koma hannunsa. Ɗan ya leƙa tankin, ya kalli bishiyar, ya juyo wurin Gwaggo. "Ya Hajja, ko bishiya ko gida. Ku kuka shuka, ku za ku cire. Zuwa Juma'a. Khalas, magana ta ƙare." Ban ga laifinsa ba, tankinsu ne.

Bayan sun tafi na ce, "Gwaggo, gobe zan kawo zarto."

"Ba a gidan da nake ba."

"Ai ni na kawo ta a leda. Ba itacen daji ba ce."

"A ina take tsaye?" ta tambaye ni. "Ba a Harami ba?"

Na tafi Misfala wurin wani malami ɗan Nijar da ke karantarwa a wani ƙaramin masallaci, na zayyana masa komai. Ya yi murmushi ya ce hanin yana kan abin da ke fitowa da kansa a daji, amma irin abin da mutane ke shukawa, kamar dabino da kayan lambu, babu laifi a sare shi, babu kuma kaffara. Na dawo da saurina, ina ganin magana ta ƙare. Na tarar da Gwaggo tana ninke zannuwa tana zubawa a jaka.

Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Malamin nan shi zai kwanta mini a kabari? Na bar garina, na bar 'ya'yana, na zo in mutu a nan da hannuna a wanke. Sai yanzu da tafiya ta zo ƙarshe in sa a sare itace a Harami saboda ɗaki?"

"To ina za ki je?"

"Allah yana nan."

Raina ya ɓaci sosai, kuma tsoro ne ya ɓata shi. Na san inda irinta ke ƙarewa. Ko ta kwana a bakin titi, ko a kama ta a saka a jirgi, ta sauka a garin da ta rabu da shi shekara talatin. Ta haura saba'in. Na yanke shawarata ni kaɗai.

Ranar Juma'a takan fita tun da hantsi, ta bi ta Misfala a ƙafa don ta sami wuri a masallacin Harami, ba ta dawowa sai bayan la'asar. Tana fita na shigo da zarton lantarki na aro. Na nemi abokaina biyu su taya ni, ɗaya ya ce bayansa na ciwo, ɗayan wayarsa ta mutu ranar kawai. Matan gidan suka shige ɗaki suka ja ƙofa don kada a ce sun gani. Ni kaɗai na sauke rassan, na yanka gangar, na je na yi Juma'a a masallacin unguwa, na dawo na haƙe kututturen, don idan ka bar mata ko gutsure sai ta sake tohowa.

Ta shigo da carbinta a hannu, ta tsaya. Rana ta cika tsakar gidan fal.

Na ce, "Gwaggo, ni na sare, ba da saninki ba. Idan akwai laifi, nawa ne."

Ta kalli ramin, ta kalle ni, ta ce, "To." Ta shiga ɗaki, na ji tana fito da zannuwan daga jaka.

Na liƙe tankin, ɗan mai gida ya zo ya duba ya ce tamam, aiki ya yi, Gwaggo ta zauna a ɗakinta. Ni dai a ganina na gama aikina.

Ranar Talata na biya da safe in duba ko simintin ya kama. Tana suya a cikin rana, ta zuba mini ƙosai a faranti. Na lura leɓɓanta sun bushe, ba ta ɗanɗana ƙullun ba kamar yadda ta saba. Ɗaya daga cikin matan ta ja ni gefe ta ce tun Asabar Gwaggo ke azumi, wai guda goma ta ɗauka wa kanta. Tsakiyar zafi ne, irin wanda ƙarfen mota ke ƙona hannu.

Na ajiye farantin. "Gwaggo, malam ya ce babu kaffara."

"Na ji."

"To azumin mene ne?"

"Naka ne," ta ce, tana juya ƙosai. "Kai kana shiga rami cikin rana, ba za ka iya ba. Ɗan ƙanena ba zai ɗauki zunubi don in sami wurin kwana ba."

Na zo da hujjoji cike da baki, babu wanda ya yi mini amfani. Da na ga musu ba zai kai mu ko'ina ba, na ce to mu raba, ta yi huɗu da na yau, ni zan yi shidan da suka rage.

"Kai da ba ka yarda akwai laifi ba?"

"Ban yarda ba."

"To wa za ka yi wa?"

"Ke."

Ta kwashe ƙosan da ya nemi ƙonewa, sannan ta ce in riƙa zuwa shan ruwa wurinta.

Har yau ina kan bakana. Babu laifi a sare bishiyar nan, kuma da za a sake, zan sake sarewa. Kwana shida na yi ina zaro saiwa daga bututun mutane da busasshen maƙogwaro, kullum kafin magariba in iso Hindawiyya in tarar ta ajiye mini fura a ƙofar ɗakinta. Sai a rana ta shida na lura ita ma ba ta kai kofi baki sai an kira salla.