Tukunyar Baba Isiya Ba Ta Taɓa Dafa Giya Ba

Ni ne Shugaban Dattawan Hausawa mazauna Doha da kewaye. Ina zaune a ofishina ranar Talata bayan azahar aka bugo mini waya cewa Baba Isiya na Gumel, direban wata gona a Umm Salal, ya cika a asibiti. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ɗauki alƙalami ne domin ko a wajen jana'iza na ji ana raɗa wai marigayi yana dafa giya, kuma ba na so maganar ta isa kunnen 'ya'yansa.

Baba ya san tsirran dajin ƙasar nan fiye da yawancin waɗanda aka haifa a cikinta. In ruwan hunturu ya sauka, domin a nan lokacin sanyi ake ruwa, yakan fita ranar Juma'a da buhu ya yanko nobe da ganyen magarya. Bai taɓa tuge saiwa ba. Yakan ce, “Baƙo yanka yake yi, ya bar wa masu ƙasa tushe.” Sai ya zuba a tukunya mai bututun jan ƙarfe, tururi ya bi ta cikin ruwan sanyi ya riƙa ɗiga a kwalba, fari tas, mai ƙamshi. Masu gadi da ɗalibai duk mun sha don kumburin ciki. Ganyensa ba ya kwana a ruwa, domin a cewarsa abin da ya kwana ya yi tsami ya tashi daga magani.

Wani shaƙiyyin matashi ne ya ɗauki hoton tukunyar ya tura zauren 'yan gida na waya, ya ce ga kamfanin ogogoron Baba. Wasa yake, amma maganar ta kai ga kafil, wato Balaraben da ya ɗauki Baba aiki. A Ƙatar wannan zancen kora ne, in ma an tsaya nan. Kafil ya zo da fushi, ya ce sai an faɗi wanda ya ɗauki hoton. Baba ya san ko wane ne, ya ƙi faɗa. Kujera ya ba kafil, ya hura wuta, ya zuba ɗanyen ganye a gabansa, suka zauna har kwalba ta cika. Kafil ya shinshina, ya kurɓa, ya ce khalas, wato magana ta ƙare, ya tafi da kwalbar gida. Shi kuwa matashin, hukuncinsa ɗaukar buhu ne duk Juma'a, har Baba ya koya masa bambance nobe da ciyawar banza.

Allah ya jiƙan Baba Isiya, ya haskaka kabarinsa, ya ba matarsa Inna Larai da yara haƙuri, ya tsare musu sunansa.

Jama'a, ba ni da ofis, ban kuma shugabanci kowa ba. Na ari rawani ne don na san in kun ga sunana ba za ku karanta ba. Ni Habu ne, mai gadi a unguwar Asian Town, ɗan makarantar allo. Ni na tura hoton nan, ni na ƙirƙiri ƙaryar. Wanda zai yi raɗa, ya yi da ni.