Rukunin Gona da Su

Babbar kwamfutar hukumarmu tana can hedikwata, ni kuwa daga ofishin Haɗeja nake kula da rumbunan bayananta. Aikina in haɗa rumbunan da ke tafiya tare a rukuni guda: a ɗauki kwafinsu tare, in sun lalace a maido su tare.

Rumbun gonaki da na masunta wuri ɗaya na sa su. Duk ɗan fadama ya san dalili. Filin da mutumin Guri ke shuka shinkafa, nan yake jefa koma in kogi ya cika, mutum ɗaya ne, rajista ɗaya. Ogana, mutumin birni, ya ce wannan cakuɗa ce. Ina hutu ya sa aka raba su, kowanne da ranar kwafinsa.

Shekarar da ambaliya ta cinye shinkafa, aka ce a yi rajistar masu karɓar irin noman rani. Mutane suka yi mako suna zuwa a kwalekwale, har da gwaggona, wadda ta goye ni. Ranar rabo da hantsi, rumbun gonaki ya lalace.

Na maido shi daga kwafinsa na makon jiya, sai ya ƙi haɗuwa da na masunta, wanda yake na yau. Sunan wani, filin wani. Ta taga ina hango layi har gindin darbejiya, gwaggo zaune a kan buhun da ta zo da shi.

Oga ya bugo waya. "A fara rabo haka nan."

"Yallaɓai, irin wani za a ba wani."

"To, me kake so?"

"In mayar da na masunta baya su daidaita. Amma rajistar makon nan duk za ta tafi."

Ya ce shi dai bai ba da wannan umarnin ba, ya kashe wayar. Wallahi raina ya ɓaci. Na daɗe da yatsa a kan madanni, sannan na yi bismilla na danna.

Na fita na ce wa waɗanda suka yi rajista makon nan su yi haƙuri, babu su a rabon yau. Gwaggo ba ta yi faɗa ba. Ta naɗe buhunta, ta dube ni.

"Ɗan nan, ruwa ya ci gonar na haƙura. Ashe sunana kuma kai za ka share."