Kujerar marigayi a shagon Wheaton

Jama'a, yau na kashe bakin maza!

Na shiga shago a Wheaton sayen daddawa, na tarar da direbobi suna musun ƙwallon kwando. Ɗaya daga cikinsu, Alhaji Bala, ya ce mai kulob ɗin garin nan marowaci ne.

Na ce, "Alhaji, in albashin 'yan wasa ya wuce iyaka, haraji ake lafta masa. Kai za ka biya?"

Alhaji Bala ya dube ni. Ya ce, "Hajiya, wannan bakin marigayi mijinki ne."

Gaskiyarsa. Da shafin wasanni na jaridarsa marigayin ya koya min karatu.

Suka jawo min kujerar da yake zama a kai a shagon. Na kasa zama. Na dawo gida da labari, ba wanda zan ba. Shi ne na rubuto muku.