Fuskata da Farar Taga a Hanyar Shinkafi

Ana sallame Asuba na ɗauki jakata na nufi tashar Ƙauran Namoda. Kawuna ba shi da lafiya a Shinkafi, rabona da hanyar kuwa shekara biyu. Mota ta cika tun da wuri, amma direba ya ce ba inda za shi sai rana ta ɗaga, an haɗu motoci huɗu ko biyar a tafi tare. Muka zauna cin ƙosai da kunu. Ƙosan ya ji barkono har wani dattijo mai fataucin albasa ya ce da ma an ajiye shi a yi wa 'yan bindiga maganinsu. Aka yi dariya, amma gajeriya.

Ku masu bibiyar shafina kun daɗe kuna roƙona in ɗauko muku bidiyon tafiya, don haka muna barin gari na ɗaga waya ina magana. Sai na ga fuskata ta zama baƙi ƙirin, haƙora kawai ke fitowa. Hasken tagar bayana ne ya rinjaye ni. Na danna fuskata a allo har hasken ya kulle, na ja shi sama kaɗan. Fuska ta fito tas, taga kuwa ta koma fari fat, ba a ganin komai a waje. Idan ba ka kulle ba, duk bishiyar da aka wuce sai hoton ya yi duhu ya dawo. Na so in gyara yadda gonaki ma za su fito, ramukan hanya suka hana.

Bayan Moriki hira ta mutu. Gero da dawa sun yi tsawon da za su ɓoye mutum da babur ɗinsa. Muka wuce wani ƙauye babu kowa, ko kaza. Matan da ke baya suka fara salati a hankali. Ni dai, don wauta, ina riƙe da waya.

Kwatsam direba ya taka birki. Mutum biyar ne a tsakiyar titi, sun sa shinge, da bindigogi, ba kaki a jikinsu. Na tuna matata da ta ce in bari sai kaka, na kasa tuna ko na yi mata sallama mai kyau.

"'Yan sintiri ne," in ji direba. "Kowa shi natsu."

Ɗayansu ya zo daidai tagata. "Malam, mi kaka ɗauka?"

"Kaina ne, yallaɓai."

"Kanka? Haka masu kai rahoto daji ka cewa. Sauko."

Na sauka. Na san abin da wannan zargi ke jawo wa mutum a yankin nan. Ya karɓi wayar, su uku suka duƙa a kanta. Suka gan ni ina surutu a kan ƙosai, bayana fari fat. Ya maimaita har sau uku yana neman shingensu ko fuskar wani, bai samu ba.

Dattijon albasa ya leƙo ya ce wa ɗan sintirin, "Ɗana, na san ubanai a kasuwar hatsi. Ku bar shi, sakarci ne kawai."

Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba. Mutumin ya miƙo mini wayar ya ce, "Jiya anka ɗauke mutum biyu nan. Sa ta aljihu."

Har Shinkafi ba wanda ya yi mini magana. Na tarar da kawu ya ji sauƙi, yana zaune yana shan fura. Ban gaya masa komai ba. Washegari na dawo da wayar a kashe, idona a kan gonaki har muka hango layin dogo na Ƙaura.

Na koyi kulle haske, gaskiya ne. Amma babban abin da na gane shi ne ban da ikon ɗaga kyamara a motar da rayukan mutum goma ke ciki ba tare da na tambaye su ba. Da na shiga gida matata ta tambaye ni yaya hanya. Na buɗe baki in ce lafiya lau, sai na ji na zauna a ƙasa. Ta kawo ruwa, ta zauna kusa da ni.